Wuyan Lawali

Asabar ɗin da ta wuce, a wajen sunan ɗan Lawali, wani yaro da ko gemu bai gama fito masa ba ya ce sana'ata ture-ture ce. An ci an ƙoshi, an kunna talabijin a falo, ana nuna ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da gudu. Samari sun baje a kan kafet. Sai Nasiru, ɗan ƙanwar mahaifin Lawali, ya nuna ƙattin nan biyar da ke durƙushe a gaba ya ce, "Baba Koci, wai waɗannan su ma biyansu ake yi? Ai ko ni in na ci tuwo na ƙoshi zan iya. Just push, turi ne kawai." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Shekara shida na yi ina wannan durƙuson da jikina, na yi ashirin da 'yan kai ina koyar da shi, a kansa aka sallame ni daga aiki, a kansa rabin mutanen masallacinmu suka daina amsa gaisuwata da fara'a. Duk kuma a kan wuyan mutumin da muke cin shinkafar sunan ɗansa ne. Ban tanka a can ba, don taron farin ciki ne. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuta. Nasiru da ire-irensa su karanta, in kuma ba su iya karatun Hausa ba su nemi mai karanta musu.

Ƙattin nan biyar su ake kira 'yan layi. Aikinsu su zama katanga ga mai jefa ƙwallo, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. A gabansu akwai wasu ƙattin da aka ɗauka musamman don su fasa katangar. Da an saki ƙwallo sai a haɗu, ƙirji da ƙirji, haka za a yi ta yi har a tashi. Ɗan layi ba a ba shi ƙwallo ya gudu da ita, ba a kiran sunansa sai ya yi laifi. In ya yi aikinsa daidai, ba wanda zai san yana filin.

Firji ne ya haɗa ni da wanda ya koya min. Lokacin ban daɗe da zuwa garin Greensboro na Amurka daga Maradi ba, ina aikin kai kaya a wani babban kanti da ke titin Wendover. Aka tura mu unguwar Sedgefield, gidan wani tsohon Bature, ga matakala shida kafin a kai ƙofa, ga abokin aikina yana ta kukan ciwon baya. A gida ni ɗan kokawa ne, na kayar an kayar da ni a filaye da yawa. Sai na durƙusa, na sa ƙugu a ƙasa, na rungumi firjin, na tashi da shi da ƙarfin cinyoyi. Da na ajiye shi a kicin, tsohon ya zagaye ni sau biyu yana kallon ƙafafuna kamar mai sayen sa. Hancinsa a baje yake, yatsun hannunsa kuwa kowanne ya kama gabansa. Ya tambaye ni wa ya koya min ɗaga kaya haka. Na sunkuyar da kai na fara ba shi amsa, sai na ji ya sa yatsa a haɓata ya ɗago min fuska.

"Me ka yar a ƙasa?" in ji shi.

Na ce, "Ba komai. A wajenmu ba a kallon babba cikin ido."

Ya ce, "A gidanku sai ka yi ta yi. In za ka zo filina, ka bar wannan a mota."

Sunansa Wolta. Yana cikin mutanen da suka buga wasan nan tun ba a daɗe da fara biyan mutum a kansa ba. A zamaninsu hular wasa ta fata ce, ba ƙarfe ko ɗaya a gaban fuska, kuma mutanen da suka tare su ne za su juya su fasa, ba mai fita ya huta. Litinin zuwa Juma'a yana masana'antar ƙarfe, Asabar ya hau jirgin ƙasa, Lahadi a farfasa masa baki, Litinin ya koma bakin wuta. Da gwiwoyinsa suka ce sun gaji sai ya koma koyarwa, ya tsufa a ciki. Lokacin da na san shi ya yi ritaya, amma yana horar da wata ƙungiya ta leburori da direbobi kyauta, a wani fili bayan coci. Can na je ranar Asabar, ni da takalmin aiki.

Wata shida na yi ban ga ƙwallo kusa ba. Katako ya ba ni, dogo, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, ya shimfiɗa a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ya ce in yi ta tafiya a durƙushe kada in taka shi. Wanda ya haɗe ƙafafu a layi, iska ma sai ta ture shi. Bayan katako sai takun farko. Taku ɗaya tak, gajere, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, shi muka yi ta maimaitawa har ciyawar wurin ta mutu. In na zarce ya busa usur, in na gaza ya busa usur. Na tsani usur ɗin nan kamar me. Kokawa ta ba ni ƙugu, amma ta cuce ni a hannu, don ɗan kokawa da ya ji jiki sai ya riƙe, a nan kuwa da ka damƙi rigar mutum alƙalin wasa zai jefo wani ƙyalle rawaya, alamar laifi, a mayar da ƙungiyarku baya saboda kai. Wolta ya sa ni na riƙa turi da ƙwallon tanis a kowane tafi, har hannuna ya manta da damƙa.

Sai ƙarfen turi. Wani ƙaton ƙarfe ne mai nauyi a kan sanduna biyu, an ɗaura masa matasai a tsaye kamar ƙirjin mutum. Ka durƙusa, a busa usur, ka doke shi ka tura. Kowane fili yana da irinsa, amma na Wolta da ƙari. Shi yakan tsaya a bayan ƙarfen, daidai lokacin da za ka doka sai ya ɗaga yatsu, kai kuma dole ka faɗi ko nawa ne da ƙarfi. In ka ce uku alhali biyu ya ɗaga, ko ka yi shiru, ya san kanka a ƙasa yake, ka zagaye fili. Ranar da na gaji na tambaye shi amfanin wannan wasan yara, sai ya zaunar da ni ya kama bayan wuyana. Ya ce wuyan mutum a ɗan lanƙwashe aka halicce shi. In kai yana sama, lanƙwasar tana nan, bugu ya zo tsoka ta shanye. In ka sunkuya, ƙasusuwan su jeru su miƙe kamar kara, bugun ya sauka a tsakar ka, kara kuwa in aka danne shi ta kai karyewa yake yi. Yana da aboki da yake durƙusawa a damansa a zamanin hular fata. Sau ɗaya ya sunkuya. Bayan nan Wolta ne yake zuwa gidansa yana yi masa aski da gyaran gemu, har ranar da ya mutu, don hannunsa bai sake kai wa fuskarsa ba.

Akwai wani wasa da ba na mantawa, cikin ruwan sama, da wani mahauci na ɗaya ƙungiyar da ya fi ni tsawo da kai guda. Rabin farko wasa ya yi ta yi da ni. Da muka fito hutu, Wolta bai yi min faɗa ba, filasta ya ɗauko yana sake naɗe min yatsu biyu-biyu, ya ce in daina kallon girman mutumin in kalli hannun da ya dafa ƙasa da shi. In gaɓoɓin yatsun sun yi fari, nauyinsa yana gaba, kaina zai yo kai tsaye. In hannun ya ɗan taɓa ƙasa ne kawai, zagaye zai yi. Na koma na duba, wallahi kamar an rubuta min a allo. Mahaucin nan bai sake wuce ni ba har aka tashi. Kuma duk wannan karatun da ido ake yin sa, kai a sama, cikin ɗan lokacin da bai kai na atishawa ba. Wannan ne Nasiru yake cewa tuwo ke yi.

Da na daina bugawa, shekara biyu Wolta ya sa ni ina jera katako ina ɗaukar ruwa kafin ya yarda in busa usur. Shi ya kai ni wata makarantar sakandare ya ce su ɗauke ni kocin 'yan layi, ya tsaya min. Bai daɗe ba ya rasu. Usur ɗin da na tsana shi 'yarsa ta kawo min a ambulan.

A wannan sana'a yara ba su ne matsala ba, iyaye ne. Kowane uba ƙwallo yake bi da ido. Wata Hajiya 'yar Kano ta taɓa tare ni a wajen ajiye motoci ta ce, "Malam Rabe, wata uku yaron nan yana zuwa, ko sau ɗaya ban ga an ba shi ƙwallon ba. In wariya ce ka gaya min in je ofis." Na yi mata bayani har bakina ya bushe, na ce ɗanta ne ya buɗe hanyar da aka ci wasan jiya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To shi wanda ya bi hanyar ai shi aka ɗauka a hoto." Ba ta yi ƙarya ba. Haka na yi ta fama, na tura yara jami'a, na tura wasu soja, wasu kuma na dai raba su da yawon banza. Ba wanda aka taɓa fitarwa daga filina a kan gadon asibiti, kuma da wannan kaɗai nake alfahari.

Sai ga Lawali. Ubansa Alhaji Isaka mutumin garinmu ne, yana sayen tsofaffin motoci yana aikawa Kwatano. Sahu ɗaya muke sallah, kwano ɗaya muke buɗa baki. Lawali a hannun kakarsa ya tashi a Maradi, sai da ya shekara goma sha biyu aka kawo shi nan, don haka ladabin gida ya riga ya shiga ƙashinsa. Da ya zo hannuna ya cika ƙofa, amma ƙafafunsa kamar na mai rawa. Katakon da na yi wata shida a kansa, shi a mako uku ya gama da shi. Ban taɓa koyar da kamarsa ba, kafin shi ko bayansa. A shekararsa ta ƙarshe mutanen jami'o'i suka fara bugo waya, masu neman yaran da za su ba karatu kyauta don su buga musu wasa.

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani, to bari in fara da nawa. Shekara da shekaru ina ihu da Turanci a fili, sai ga yaron da zan yi wa magana da harshen uwata. Daɗi ya kwashe ni. Na riƙa yi masa gyara da Hausa, sauran yara suna dariya suna kwaikwayo. Wata Talata muna gwaji, an jera layi biyu fuska da fuska, na ga hannunsa na hagu ya fita waje. Na daka masa tsawa, "Kai Lawali! Hannunka!" daidai lokacin da aka saki ƙwallo. Yaron da aka yi wa tarbiyya, babba ya kira sunansa da tsawa, me zai yi? Ya sunkuyar da kai. Ƙarar haɗuwar hulunan nan biyu har yau tana kunnena. Ya tashi tsaye, amma hannun hagun yana lilo. Ya ce, "Koci, ba na jin hannuna." Na ji tsoron da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Kafin a kai shi mota hannun ya dawo. Likita ya ce jijiya ce ta bugu, ya huta mako biyu ya koma wasa. Kowa ya yi hamdala ya manta. Ni kuwa washegari da safe na zauna a ofis na kunna bidiyon wasanninmu na shekarar, ɗaya bayan ɗaya. In babban koci ya yi masa ihu da Turanci, kansa yana sama kyam. In ni ne da Hausa, sai ya yi ƙasa. Sai kuma na ga abin da ya fi wannan muni. Alhaji Isaka ba ya zama a benci, a bakin wayar shinge yake tsayawa kusa da fili, ga shi da muryar da ta saba da kasuwar gwanjon motoci. Duk inda aka ji "Lawali!" daga bakin waya, kan yaron sai ya faɗi, ko da kuwa ƙato yana tahowa kansa a guje. Allah ne kawai ya yi ta tsarewa.

Nawa mai sauƙi ne, daga ranar na daina Hausa a fili. Na Alhaji ne aiki. Juma'ar farko bayan cikar hutun Lawali, ranar ce mutanen jami'a suka ce za su zo su gan shi da idonsu. Na sami Alhaji a wurin motocinsa na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Bon, Rabe, likita ya ce lafiya lau, kai kuma ka zo da wani sabon karatu. Ka fi likita ne?" Na ce gani ya kori ji, ya zo fili ranar Laraba.

Ya zo da babbar rigarsa. Na fara tsayawa ni a bayan ƙarfen turi, na ba da umarni da Turanci, na ɗaga yatsu. Lawali ya doka ya ce huɗu, ya sake ya ce ɗaya, bai kuskure ba. Sai na tsayar da Alhaji a wurin na ce ya kira sunansa ya ɗaga yatsu. Ya kira, yaron ya doki ƙarfen har ya ja baya, amma shiru. Na ce nawa? Bai sani ba. Sau uku ana yi. Alhaji ya ce to ranar wasa zai yi shiru. Na ce mu gwada da shirun. Ya tsaya bai ce uffan ba, amma da idon yaron ya faɗa kan fuskar ubansa, kai ya sake yin ƙasa. Na juya ina jira in ga hankalin Alhaji ya tashi. Sai na ga murmushi yake yi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gani ko? Duk Amurkar nan ba ta ɓata min shi ba."

Na ce, "Alhaji, wannan abin da kake murna da shi, shi zai kwantar maka da shi."

"Allah ke tsarewa."

"Allah ke tsarewa, amma kai ma kana kulle motocinka da daddare. Abu biyu nake roƙo, ka zaɓi ɗaya. Ko ka ba ni wata guda kana zuwa nan, ka ce masa da bakinka ya ɗago ya dube ka, har ya saba. Ko kuma ranar Juma'a ka zauna a gida."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ana gina yaro, kai kana so in rushe da hannuna, in koya masa ya zuba min ido kamar ɗan Bature? Kuma ranar da za a zaɓi ɗana, ni za a ce kada in zo? Kai wane ne, Rabe? Ɗanka ne?" Ya kaɗa rigarsa ya tafi mota. Lawali yana tsaye tsakaninmu, kai a ƙasa.

Na je wajen babban koci, ya ce takardar likita tana hannunsa, kuma shi bai ga wata doka da ta hana uba kiran ɗansa ba. Yana bukatar Lawali ranar Juma'a, magana ta ƙare. To na daɗe a ƙasar nan, na san abin da suke tsoro. Maganar baki iska ce, amma in ka rubuta ka sa hannu, ba mai iya tsallake ta. Ranar Alhamis na rubuta wa shugabar makaranta cewa ni kocin layi na ga yaron nan yana sunkuyar da kai wajen haɗuwa, ya riga ya bugu sau ɗaya, kuma a ganina wuyansa yana cikin haɗari. Na san abin da takardar za ta jawo min tun kafin in miƙa ta. Kafin azahar an cire sunansa daga masu bugawa.

Ranar Juma'a da la'asar ya same ni a ɗakin kaya, riƙe da rigar wasansa. Ya ce, "Coach, why?" Idonsa yana kan takalmina. Na ɗaga yatsu biyu a gaban ƙirjina na ce da Hausa, "Lawali, nawa na ɗaga?" Bai ɗago kai ba. Sai ya ajiye rigar a kan benci ya fita. Na tausaya masa har cikin raina, amma ban kira shi ba.

An cinye mu a ranar, cin wulaƙanci. Mutanen jami'a tun hutun rabin lokaci suka shiga motarsu, kuma da labarin takardar ya kai musu ba su sake bugo waya ba, don ba mai son yaron da aka rubuta wa wuya. Alhaji ya cire ɗansa daga wasan gaba ɗaya. Da kakar wasa ta ƙare aka kira ni ofis, aka gode min da kalmomi masu daɗi, aka ce baɗi za su gwada wani. Na koma Wendover ina tuƙa motar ɗaga kaya a sito, da furfurata.

Wannan duk na shanye. Abin da ban shanye ba har yau shi ne abin da mutanenmu suka yi. Aka ce hassada ce, wai don ni 'ya'yana duk mata ne ba na so ɗan wani ya ɗaukaka. Aka ce na zama Bature, ina koya wa yara rashin kunya. Mutanen da ba su san ko 'yan layi nawa ne a fili ba suka zauna bayan sallar Juma'a suna yanke min hukunci. Wani dattijo da na ɗauko daga filin jirgi ranar da ya fara zuwa ƙasar nan, na kwantar da shi a falona wata biyu, ya miƙo min 'yan yatsu ya kau da kai. Ni da na fi kowa sanin darajar sunkuyar da kai! Da ita aka rene ni, da ita na reni 'ya'yana, har gobe ba na kallon yayana cikin ido. Abin da na ce kawai shi ne kowane abu da wurinsa, kuma gaban ƙaton da ya taho a guje ba wurin ladabi ba ne.

Kuma ba ni da abin da zan nuna musu. Mai yiwuwa da ya buga a ranar ba abin da zai faru, da yanzu yana cikin talabijin ɗin da Nasiru yake nunawa da yatsa. Na sani, na kuma yi ta juya wannan a raina. Abin da bai faru ba ba shi da hoto. Haka sana'ar take tun daga tushe, in ka tare abin da ya taho, ba wanda zai ga abin da ka tare. Nasiru, in har yanzu kana ganin tuwo ne, katakona yana nan a gareji, ka zo ranar Asabar da safe. Minti goma kawai nake so.

Lawali yanzu gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, yana da motar aikinsa da yara biyu a ƙarƙashinsa. Shi ya kawo min katin sunan da kansa, shi ya sa na je. Da na tashi tafiya, na sami Alhaji Isaka a bakin ƙofa yana sallamar baƙi. Shekara tara ke nan gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau. Ya riƙe hannuna, ya nuna talabijin da haɓa ya ce, "Da ba don kai ba, Rabe, da yau shi ake kallo a can." 

Sai ga Lawali ya fito daga ciki zai raka ni, ɗauke da babbar 'yarsa Zalika a wuya, 'yar shekara uku, ta riƙe kunnuwansa biyu tana dukan ƙirjinsa da dugadugai. Ya zo gabana ya durƙusa har ƙasa da ita a wuyan, kamar yadda aka koya masa a Maradi, ya ce, "Baba Koci, an gode, Allah ya bar zumunci." Ubansa yana tsaye a gefena, kafaɗarmu tana gogar juna. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba, sabo ne kawai. Na ɗaga yatsu a gaban ƙirjina.

Ya ɗago kai ya dube ni sosai, ya dubi ubansa, ya ce, "Uku, Koci."

Sannan ya miƙe da yarinyar a wuyansa, ya karɓi ledar naman da aka ba ni, ya wuce gaba ya kai min mota.